Birgin da Ya Ƙi Miƙewa

Bari in fara da wautata, don in ban faɗa ba Kulu za ta faɗa, ita kuwa ba ta rage wa labari komai. Ni Arzika, mai saƙar ragar kamun kifi a Argungu, mutumin da gemunsa ya yi fari tas, na zauna tun daga kakar shinkafa har zafi ya kankama ina saƙa birgi ɗaya, irin ragar nan da ake jefawa, ina kwancewa. In saƙa da safe, in ɗaga shi a rana, in ga layukan ƙullin sun lanƙwashe kamar macijin ruwa, in kwance. Na je har shagon mai zare a kasuwa na ce ya sayar mini da zaren da aljanu suka yi wasa da shi. Na jefar da allurar saƙata na fere wata. Kulu, matata, ta ɗaga birgin ta ce ita dai ba ta ga abin da ya same shi ba, na ce mata me mace ta sani game da birgi ban da kifin da ya kawo. Hannuna yana gaya mini saƙar nan daidai take, idona yana cewa a karkace take, ni kuma na bi ido. Ashe birgin lafiya lau yake. Mai birgin ne ya lalace.

Boko leƙa shi kawai na yi. Malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu ba baram-baram. 'Yata Ige, wadda ke koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi, ita ke rubuta wannan ina faɗa. In kun ji Hausar ta yi santsi kamar ta rediyo, ita ta goge ta. Na ce a rubuta ne saboda gidaje irin namu, don na san ba mu kaɗai ba ne a bakin gulbin nan.

Gidanmu gidan dundumi ne. Ga wanda bai sani ba, dundumi shi ne rana ta faɗi ido ya bi ta. Na wasu mutane yana jin gasasshiyar hanta. Namu ba ya ji. Yana farawa da magariba tun mutum yana yaro, sannan shekara bayan shekara ya riƙa cin gani daga gefe, yana zuge shi kamar bakin jaka, har abin da zai rage maka ya zama kamar kana leƙen duniya ta cikin kara. Babanmu ya yi shi, ƙanensa ya yi shi, wana Manu ya yi shi, ni ma bai bar ni ba. Yakan tsallake wasu. Ige dai har yau bai ce mata komai ba.

Da yake mun daɗe da shi, mun yi masa tsari. Yaron da ya fara shure ƙwarya da magariba ba a yi masa faɗa. Sai a sauke shi daga jirgin su, a zaunar da shi a rumfar ƙofar gida, a ɗaure masa ido da ƙyalle, a koya masa ƙullin raga da hannu zalla, don ranar da duhu zai iso ya tarar da shi da sana'a. Masunta daga Augie har Yawuri sun san saƙar rumfarmu, kuma ba a taɓa ganin ɗan gidanmu yana bara ba. Da wannan muke taƙama. Asibiti kuwa ba ma zuwa. An taɓa kai Baba yana saurayi, aka ce babu magani, ya dawo da asarar kuɗin mota. Tun daga nan duk abin da ya taɓa idon ɗan gidanmu amsarsa ɗaya ce, a harshenmu na nan: namu na.

Ni na yi sa'a, ko kuma haka na zata. Idona na hagu ya yi murabus shekarun baya ba tare da ya yi sallama ba, amma na dama ya riƙe mini 'yar taga a tsakiya, kamar bakin kwalba, mai haske tar. Ta nan nake ganin Kulu kashi-kashi: ido, sannan hanci, sannan baki, in haɗa su a kaina. Nakan ce mata shekara da shekaru ban ga matata gaba ɗaya ba, shi ya sa ban gaji da ita ba.

Tagar nan kuwa ba tawa ba ce ni kaɗai. Ta Yaya Manu ta rufe ruf tun Ige tana makarantar horon malamai, kuma tun daga lokacin ni ne idonsa. Muna zaune kafaɗa da kafaɗa a rumfa, ni ke gaya masa wa ke tahowa, ina ruwan gulbi ya kai, wace takardar kuɗi aka miƙa masa. Ina kuma ƙara gishiri. In ce masa dillalin kifin nan mai tumbi ya zo da wando a yage. In ce mai furar da ta wuce ta waiwayo ta dube shi har sau biyu. Ranar da na rasa abin faɗa na ce masa ga dorina can ta fito tana shan hantsi a gaban masallaci. Ya san ƙarya ce. Sai ya yi murmushi hannunsa bai bar ƙulli ba, ya ce, “Ƙarya kaka yi, ɗan banza. Ci gaba.”

Da na gaji da kwance birgi, na lura ba birgin kaɗai ba ne. Turken rumfa ya yi ciki. Bakin ƙofar zaure ya lanƙwashe. Sahun sallah ma da na san a miƙe yake ya koma kamar lauje. Ranar nan na gaya wa Manu. Ya ajiye saƙarsa, ya tambaye ni ko lanƙwasar tana bin duk inda na duba. Na ce tana bi.

“Haka nawa yay yi kafin ya mutu,” in ji shi. “Namu na, Arzika. Gyara zama.”

Wa zan yi wa gardama? Mutumin da ya riga ni bin hanyar ne yake gaya mini sunan zangon da na iso. Na gyara zama.

Ba wai an bar ni haka ba. Kulu ta riƙa gasa mini hanta har mahaucin unguwa ya fara kirana angon hanta. Wata gwaggonta ta aiko da kwalli na musamman da ta ce daga Makka ya zo. Wani abokina ya ɗiga mini zuma, na yi ihun da ya kori awakin maƙwabta. Na sayi tabarau a faifan mai talla, lanƙwasar ta ƙara girma ta ƙara kyau. Duk wannan ba don muna sa rai ba ne, don dai kada a ce ba a yi komai ba.

Akwai dama ɗaya da ta zo har ƙofar gida na mayar da ita. Wasu masu aikin ido kyauta sun sauka a garin, suna cire wa tsofaffi yana. Kulu ta ja ni. Wanda ya duba ni ya haska fitila ya daɗe, ya ce nawa ba yana ba ce, matsalar a can bayan ido take, in tafi babban asibiti a makon nan, kada in jinkirta. Ni abin da kunnena ya ɗauka shi ne “ba yana ba ce”. Na dawo rumfa ina dariya na ce wa Manu ’yan boko ma sun tabbatar namu na. Ragowar maganarsa na bar ta a can kan benci.

Sai lanƙwasar ta haifi tabo. Wani abu kamar an shafa toka da yatsa a tsakiyar tagata. Duk abin da na kalla kai tsaye sai ya ɓace, sai na kauce da ido kaɗan in tsinci gefensa. Ranar da Ige ta zo hutu da farkon damina, ta durƙusa ta gaishe ni, na ga ɗankwali, na ga haɓa, tsakaninsu babu kowa. Na amsa gaisuwar da sunan maƙwabciyarmu. Ta miƙe. Ta tambayi uwarta tun yaushe, uwar ta kwashe komai ta gaya mata, har da maganar mai fitila da ni na ce kada a faɗa. Ige ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa yi mini haka ba. Ta dai ce gobe da safe za mu Birnin Kebbi. Manu ya ce a bar tsoho ya huta, ana wahalar da shi a banza. Ta ce, “Baba Manu, in banza ta, ni ka biya.”

Na sauka a ɗakinta na haya a Gwadangaji. Makon farko layi muka sha. Mu hau keke napep tun da sanyin safiya, mu tarar da mutane sun riga mu, a yanki kati, a ce mu jira, a ɗiga mini wani ruwa da ke buɗe ido har duniya ta zama farin hayaƙi, sannan a ce na'urar da ake bukata ba a nan take ba. Mako na biyu muka tafi Sakkwato aka ɗauki hoton bayan idon. Mako na uku muka jira likitar da ta san wannan ɓangare, don ba kullum take zuwa ba, wata-wata take zagayowa. Duk kwanakin nan ina ji tokar tana faɗi, ni kuma ina zaune a kan benci ina tsokanar tsofaffi ’yan'uwana don kada in yi kuka a gaban 'yata.

Likitar ba ta girmi Ige da yawa ba. Ta dubi hoton ta daɗe, ta tambayi tarihin gidanmu tun daga kakana. Sannan ta miƙo mini wata farar takarda mai layuka a tsaye da a kwance, da ɗigo a tsakiya, ta ce in rufe hagu in gaya mata ko layukan a miƙe suke.

Na ce, “Likita, wanga ai birgi na.”

Ta ce wane birgi. Ige ta ba ta labarin saƙa da kwancewa, ni ina jiran a yi dariya. Ba ta yi ba. Ta tambayi tun yaushe. Da aka ce tun kakar shinkafa, sai na ji ta ajiye biro.

Ga abin da na fahimta, in na yi kuskure laifin kaina ne ba nata ba. Ta ce ciwo biyu ne a idona, ba ɗaya ba. Na farko shi ne namu na gado, mai cin shimfiɗar bayan ido daga gefe, kuma gaskiyar Baba, har yau ba ta da abin da za ta ba ni a kansa. Na biyu ba ruwansa da gidanmu, ciwon tsufa ne da kan sami kowa. Wasu ƙananan jijiyoyi ne ke tsirowa a ƙarƙashin tsakiyar gani, wurin da ta kira makula, suna yoyon ruwa da jini, shimfiɗar ta kumbura, shi ya sa miƙaƙƙen abu ke lanƙwashewa. Ta ce sauran tsofaffi in wannan ya cinye musu tsakiya, gefe yana nan, suna iya yawo da shi har ƙarshen rayuwa. Ni kuwa gefen an riga an cinye. Tagar nan ita ce duk dukiyata, kuma a kanta baƙon ya zauna.

Na biyun yana da magani. Allura ce, a cikin ƙwayar idon kanta, wata-wata. Amma ta ce ba za ta yi mini alkawari ba, don shimfiɗar irin tawa ta riga ta yi rauni, kuma na makara. Maganarta da ta zauna mini har yau ita ce: “Baba, allurar tana busar da ruwa. Ba ta goge tabo.”

Maganin iri biyu ne. Akwai wanda kuɗin allura ɗaya zai sayi gonar fadama, wannan ko sunansa ban riƙe ba. Akwai mai dama-dama, shi kuma a kwalba ɗaya yake zuwa wadda ta ishi mutane da yawa, kuma in an buɗe ta ranar za a ƙarar. Don haka sai an tara masu irin ciwon, kowa ya kawo nasa kason, a buɗe a raba. Da aka gama yi mini bayani na ce ashe watanda ce, irin yadda muke haɗa kuɗi mu sayi sa a yanka a kasa. Ma'aikacin jinyar ya yi dariya har ya riƙe bango. Tun daga ranar ya koma kirana Sarkin Watanda.

Na kuwa riƙe sarautar. Na san ’yan watandata da murya: wani tsohon direba mai ciwon suga daga Gesse, wata hajiya daga Nassarawa da ba ta yarda ta zauna kusa da ni ba bayan rana ta farko, sauran kuma yawanci manoman shinkafa ne daga ƙauyukan fadama. Ige ta karɓi lambobinsu. Kafin ranar zuwan likita sai in sa ta kira su ɗaya-ɗaya, in yi musu barazanar duk wanda ya ƙi zuwa zan aure masa ƙanwa.

Allurar kanta ba zan yi muku ƙarya ba, tsoronta ya fi zafinta. A kwantar da kai, a ɗiga abin kashe zafi, a sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar ido don kada ka ƙifta, a ce dubi can. Ka ji an danna, ka ga wasu ƙwallaye baƙaƙe suna iyo kamar ƙwan kwaɗi, shi ke nan. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina zare ƙugiya daga idon tarwaɗa, na ce yau kifi ya rama. Kwana biyu idon yana yaji kamar an zuba rairayi, Kulu tana ɗiga mini magani tana faɗa wai ban iya zama wuri ɗaya ba.

Kason farko adashen Ige ya biya. Na biyu awakin Kulu. Na uku ban san daga ina ya fito ba sai daga baya: wani babban taru da Manu ya shafe watanni yana saƙa wa wani mai jirgi, ya sayar wa wani daban da araha don a ba shi kuɗin a hannu. Bai gaya mini ba, kuma har lokacin cewa yake wahalar banza ce.

Bayan allura ta biyu abu ya faru da ban sa rai ba. Ina zaune a tsakar gida da hantsi, Kulu tana tsince shinkafa, na duba sai ga hancinta. Tokar ta yi shara-shara. Na ga hancin, na ga bakin, har da haƙorin nan nata da ya karye. Na ce mata ashe ta tsufa haka ba wanda ya gaya mini. Ta jefe ni da ludayi, sannan ta shige ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Na koma rumfa na ci gaba da aikina na idon Manu. Na gaya masa gulbi ya cika ya kawo har gindin giginya, kuma a karon nan gaskiya ce. Makonnin nan su ne na ƙarshe da na ga wani abu da za a kira gani, kuma da na san haka ne da na rage surutu na ƙara kallo.

Gulbin da na yi wa Manu albishir da shi bai tsaya a gindin giginya ba. Ya haura ya kwanta a kan shinkafar mutane. Da ranar allura ta huɗu ta zo, mu uku muka hallara: ni, da direba, da Hajiya. Manoman ba su zo ba. Ige ta kira su, wani ya ce abin da za a ci ma ya gagara, wani wayarsa ba ta shiga. Kuɗin mutum uku ba ya buɗe kwalba. Likita ta yi iya ƙoƙarinta, ta ce ta yafe nata ladan aikin, har ta yi waya wani gari ko akwai inda za a buɗe a saka mu, ba a dace ba. Muka zauna har azahar, Sarkin Watanda da talakawansa biyu, sannan kowa ya kama hanya.

Wata na gaba ma haka. Na sa an jinginar da 'yar gonar da na gada don in sayi kason mutum biyu, amma gonar da ke ƙarƙashin ruwa ba ta da daraja, abin da aka bayar bai cike ba. Ina ji turken rumfa ya fara yin ciki kuma. A karon nan na san sunan abin, na san maganinsa, na san ɗakin da yake, har na san ƙamshin ɗakin. Sanin bai ƙara mini komai ba sai rashin barci.

Wata safiya, bayan ruwa ya janye, na buɗe ido na ga ja. Ba zafi, ba ciwo. Ja kawai, kamar an rufe tagar tawa da jan ƙyalle, zuwa la'asar ya koma baƙi. Ige ta zo ta ɗauke ni. Muka sake bin layi, muka sake zuwa hoto. Likita ta ce jijiyar ta fashe, jini ya kwanta a wurin. Manoma sun fara dawowa, watanda ta cika, aka yi mini allura biyu a jere ko Allah zai sa. Jinin ya janye a hankali, amma abin da ya bari a ƙarƙashinsa shi ne abin da ta faɗa tun ranar farko. Ta riƙe hannuna ta ce ba za ta ci gaba da karɓar kuɗinmu ba, don babu sauran ruwan da za a busar. Na ce to in sauka daga sarauta ke nan. Ba wanda ya yi dariya, har ma'aikacin jinyar.

Yanzu ina bambance rana da inuwa, shi ke nan. In Kulu ta gifta tsakanina da ƙofa nakan san wani abu ya gifta. Fuskarta ta ranar shinkafar nan ita nake juyawa, kuma ta fara gogewa a gefe-gefe, wannan ne abin da ban gaya mata ba sai yanzu da za a karanta mata. Mutane suna zuwa dubiya suna cewa ai gara ni, ina da sana'a a hannu. Gaskiya ne. Ƙyallen da Baba ya ɗaura mini ina yaro ya yi aikinsa, birgina yanzu ba ya karkacewa. Amma ba wanda ya koya mini yadda ake wuni ba a ga komai ba. An koya wa hannu, ba a koya wa zuciya ba.

Ina godiya ga likitar nan, Allah ya san ta yi. Ina godiya ga Ige da ta ƙarar da abin da ta tara a kan idon da bai tsaya ba, da Kulu da har yau take ajiye buta a wuri ɗaya don kada in yi lalube. Ina kuma da ƙorafi, ba zan haɗiye shi ba. Me ya sa ganin mutum zai rataya a kan ko shinkafar wani ta tsira? Me ya sa sai an bi gari uku kafin a gaya maka sunan ciwonka? Ba ni da wanda zan kai wa ƙarar, shi ya sa na kawo ta nan.

Ku kuma masu dundumin gado, ga abin da na saya da idona, ku karɓa kyauta. Ciwon gidanku ba ya hana wani ciwon shigowa. Namu daga gefe yake ci, a hankali, shekara da shekaru. In kun ga miƙaƙƙen abu ya lanƙwashe, ko toka ta zauna a tsakiya cikin ’yan makonni, kada ku tambayi babban wa, kada ku gasa hanta, kada ku zagi mai zare. Ku tafi a makon. Wataƙila a ce muku babu abin yi. Ku bari su faɗa da bakinsu.

Ige ta tara gidanmu kaf a tsakar gida ta yi musu wannan bayanin, manya da yara. Na so a yi shi ba a gaban Manu ba, amma ina za a kai makaho a gidansa? Yana zaune a bakin zaure yana ji har aka watse.

Kwanaki bayan nan muna rumfa mu biyu, kowa da saƙarsa. Yanzu rumfar shiru gare ta. In an yi sallama sai mu tambayi wane ne, in an ba mu kuɗi sai mu jira wani ya zo ya duba. Na ji hannunsa ya tsaya. Ya tambaye ni, wai lanƙwasar nan da ɗiyata ta faɗa, ita ce dai irin wadda shi ma ya gani kafin nasa ya mutu? Na ce ban sani ba, ba a duba shi ba. Ya ce turken rumfar nan shi ma ya yi masa ciki, ya tuna sarai, da tokar, da jan. Ya ce ashe wataƙila shi ma ba gadon Baba ne ya rufe masa tagar ba.

Na buɗe baki in ce masa a zamaninsa babu allurar, ko in ce likita ta ce nasa daban ne. Ni da ban taɓa rasa ƙaryar da zan ba shi ba, ranar na lalube kaina ban sami ko ɗaya ba. Sai na ji ya ɗauki allurar saƙarsa, ya ja zare, ya faɗi maganar da har yau ban amsa masa ba, ko da yake kullum kafaɗarsa tana jikin tawa.

“Arzika, shekarun ga duka kana yi mani ƙarya, ba ta ci mani komi ba. Ni sau guda nig gaya maka abin da nis sani, ya cinye muna ido.”